Hunturu ɗaya a gindin tukunyar konyak

Inabin da ake yin konyak da shi, wato barasa mai ƙarfi da ake samu in an dafa ruwan inabi a tukunya, ba na ci ba ne. Ka tsinki ƙwaya ɗaya ka tauna, sai haƙoranka sun mutu don tsami. Sunansa Ugni blanc, kuma shi ne kusan kashi 98 cikin 100 na kurangar da ke yankin Cognac a kudu maso yammacin Faransa. Tsamin nan shi ake nema, domin doka ta hana a ƙara wa ruwan inabin sukari, ta kuma hana a zuba masa sinadarin sulfa yayin da yake tsimuwa, wanda da shi masu yin ruwan inabin sha suke kare nasu daga lalacewa. Ke nan babu abin da zai tsare shi daga Oktoba har ranar da zai shiga tukunya sai tsaminsa da sanyin gari.

Gidan da na bi aikinsa tun daga girbi har kwalba yana kusa da Segonzac, a shiyyar da ake kira Grande Champagne. Sunan ba shi da alaƙa da giyar nan mai kumfa ta arewacin Faransa, farar ƙasa mai alli ake nufi. Shiyyoyin shida ne tun 1938, kuma wannan ce aka fi yaba wa wajen barasar da za ta daɗe a ganga. Masu gidan irin waɗanda ake kira bouilleur de cru ne, wato manomin da ke dafa abin da gonarsa ta ba shi kawai, ba ya sayen na wani. Uba yana kan tukunya, ɗa yana gona da sito, uwa tana riƙe da littattafan da jami'an kwastan ke dubawa. Hukuncin giya a addini sananne ne ga mai karatu, ba shi ya kawo ni ba. Sana'ar mutanen wannan yanki nake bayani, kuma mafi yawanta da hanci da ma'auni ake yi.

Girbi yana farawa wajen tsakiyar Satumba ya kai Oktoba, da inji mai bin layi yana girgiza kuranga. Ba a jira inabin ya nuna sosai. Abin da ake so shi ne ruwan da bayan tsimuwa zai tsaya a kan digiri 9 zuwa 10 na barasa, wato kashi 9 zuwa 10 cikin 100, mai rauni ƙwarai in aka gwada da na sha. Dalilin lissafi ne: in ruwan yana da rauni, sai an tara lita tara ko goma kafin a sami lita ɗaya ta barasa mai digiri 70, don haka ƙamshin lita goma ne ya dunƙule a lita ɗaya. Amma fa duk wani aibi da ke cikin ruwan, shi ma ninki goma zai fito. Tukunya ba ta gyara komai, tarawa kawai take yi. Tun ran gini tun ran zane.

Saboda haka daga gona zuwa matsa ba a tsayawa. Inabin da inji ya fasa ya zauna a tirela cikin rana awa biyu, ya fara ɗaukar iska da ƙwayoyin da ke mai da barasa ruwan tsami. Ana matsewa a hankali da inji mai balan-balan na iska a ciki. Injin mai sukurun da ke juyawa ba tsayawa haramun ne a dokar konyak, saboda yana murƙushe ƙwaya da ɓawo, sai ɗaci da warin ɗanyen ganye su biyo ruwan. Ruwan ƙarshen matsi ma a wannan gida ware shi ake yi.

A tanki ake zuba yis a bar shi ya yi aikinsa, kwana biyar zuwa bakwai. Kullum safe da yamma muna ɗiba mu auna nauyin ruwan da zafinsa. Nauyin ya riƙa sauka kullum, alamar sukari na ƙarewa. In ya tsaya cak alhali da sauran zaƙi, an shiga matsala, domin sukarin da ya rage abincin ƙwayoyin cuta ne. Zafin kuma ana riƙe shi tsakanin 20 da 25 a ma'aunin Salshiyas. Ya haura da yawa, ƙamshin fure ya gudu, yis ya galabaita. Wani abin da ba a wasa da shi a wannan mako shi ne iskar da tsimuwa ke fitarwa. Ba ta da wari, ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a ƙasan tanki da rami. Ba wanda ke leƙa kansa cikin tanki shi kaɗai, ko da an kwashe ruwan.

Aibobin da ake tsoro uku ne, kowanne da warinsa. Akwai mai warin man goge farce, wanda ke zuwa in iska ta shiga tankin da ba a cika shi har wuya ba. Akwai warin ruɓaɓɓen inabi, daga shekarar da ruwan sama ya yi yawa dab da girbi. Na ukun ya fi muni, ba a cika jin sa a tanki ba sai an ɗora wuta: wasu ƙwayoyin cuta suna samar da wani sinadari da ake kira akrolin, wanda in ya fito da tururi yake sa idon duk wanda ke ɗakin hawaye kamar an daka albasa. Tankin da aka yi zargin yana da shi, daban ake dafa shi, ba a haɗa shi da kowa.

Tukunyar ita ce zuciyar gidan. Alambic charentais ake ce mata, ta jan ƙarfe ce zalla, a zaune cikin murhun jan bulo, wutar gas tana lasar gindinta kai tsaye, domin doka ta ce da harshen wuta za a dafa. Ta dahuwa ta biyu ba za ta wuce cin lita 3,000 ba, kuma ba a zuba mata fiye da 2,500. A kanta akwai hula mai siffar albasa, daga hular wani bututu ya lanƙwaso kamar wuyan agwagwar ruwa, ya ratsa wani babban tulu da ke tsakiya, sannan ya shiga tankin ruwan sanyi inda ya nannaɗe kamar maciji har ƙasa. Tulun tsakiyar dabarar tattalin gas ce: ruwan inabin da za a dafa nan gaba yana ciki, tururin da ke wucewa yana ɗumama shi. Sai dai in ya yi zafi fiye da kima ya fara dahuwa tun kafin lokacinsa, don haka ba a buɗe masa tururin sai sa'o'in ƙarshe. A ƙasan macijin akwai ɗan mazubi inda barasar ke bulbulowa, ma'aunin ƙarfi na gilashi yana yawo a ciki. Wannan ɗan gilashi shi ake kallo dare da rana.

Jan ƙarfen ba ado ba ne. Yana kama sinadarai masu warin ruɓaɓɓen ƙwai da wasu nau'o'in maiƙo, ya riƙe su. Shaida tana bakin mazubi, inda ake ɗaura ƙyallen tacewa: bayan dahuwa ɗaya za ka ga ya yi kore-kore da wani abu mai santsi kamar sabulu. Abin da da ya shiga ganga ke nan. Tukunyar da aka bari cikinta ya yi dauɗa ta daina wannan aiki, shi ya sa ake tsayar da ita lokaci-lokaci a wanke har cikin macijin.

Sau biyu ake dafawa, kowace dahuwa kusan awa 12. A ta farko ana zuba lita 2,500 na ruwan inabi. A wannan gida da diddigarsa ake zubawa, wato lakar mataccen yis da ta kwanta a ƙasan tanki, a dama ta ta gauraya. Manyan kamfanoni ma sun rabu a kan wannan: Rémy Martin da diddiga yake so, Martell ba ya so. Diddigar tana ba barasa jiki da maiƙon da ke sa ta jure shekaru, amma tana da haɗari, domin in ta zauna a gindin tukunya ta kama, duk dahuwar ta ɗauki ƙauri, kuma ƙauri ba ya fita ko an shekara hamsin. Maganinsa shi ne a ɗauki mai laushin kawai a bar mai kaurin, a kuma kunna wuta da zarar an gama zubawa. Da ruwan ya kusa tafasa sai a rage wutar, saboda sabon ruwan inabi yana kumfa kamar madara, in ya taso ya bi wuyan tukunya ya sauko mazubi a gurɓace. Abin da ke fitowa daga wannan dahuwa sunansa brouillis, ruwa ne mai ɗan hazo, ƙarfinsa digiri 28 zuwa 32, yawansa wajen lita 750 zuwa 850. Sai an yi irin wannan sau uku kafin a sami cikin tukunya ɗaya na dahuwa ta biyu.

Ta biyun suna ce mata bonne chauffe, dahuwa mai kyau, kuma a nan ake gane gwani. Abin da ya fara ɗigowa shi ne kai, ƙarfinsa kusan 80, warinsa yana sukar hanci. Ana ware lita 20 zuwa 25, kusan kashi ɗaya cikin ɗari na abin da aka zuba, fiye da haka in ruwan inabin shekarar ba shi da tsabta. Daga nan zuciya ta biyo, garau kamar ruwan rijiya, da ƙamshin furen inabi da na pear ɗanye. Ana barin ta tana zuba siririya, awa biyar ko shida, wuta a kwance. Wanda ya ƙara wuta don ya je ya kwanta da wuri ya tura abubuwa masu nauyi cikin zuciyar. Ana kuma lura da zafin barasar a mazubi, a riƙe shi wajen 18, domin in ta fito da sanyi ƙwarai ta riƙe abubuwan da ya kamata su tashi, in ta fito da ɗumi ƙamshi ya bi iska.

Yayin da zuciya ke zuba, gilashin yana sauka a hankali: 76, 72, 68, 64. Wajen 60 ake yankewa. Amma lambar jagora ce kawai. Wajen ƙarfe huɗu na asuba, da gilashin ya kai 62, maigidan yakan jawo kujera bakin mazubi da ƙananan kofuna a jere. Duk bayan minti biyu ya tara ɗaya, ya watsar, ya shinshina kofin da babu komai a ciki, domin a jikin gilashi mai bushewa ake jin abin da ƙarfin barasa ke ɓoyewa. Abin da yake jira shi ne lokacin da ƙamshin fure zai fara juyewa zuwa na jiƙaƙƙen ulu.

"Baba, 60 ya yi," in ji ɗan, yana kallon ma'auni.

"Bar shi tukuna." Kofi biyu suka wuce. "Yanzu juya."

Sai a karkatar da bututu zuwa wani mazubin. Ma'aunin kansa yana iya ruɗin mutum, domin an tsara shi ne a kan zafi 20, kowane karatu sai an gyara shi da jadawali. Zuciyar da aka tara, lita 700 ko sama kaɗan, tana tsayawa wajen digiri 70. Abin da ya biyo baya, wanda suke kira secondes, ba a zubar da shi. Shi da kai ana mayar da su cikin dahuwa ta gaba, wasu gidaje cikin ruwan inabi, wasu cikin brouillis, kuma wannan zaɓi kaɗai yana sauya halin barasar gida. Ragowar da ke cikin tukunya, baƙin ruwa mai tsami, ba a malalar da shi a rafi, tankar mota ke zuwa ta kwashe.

Haka ake yi ba dare ba rana tun daga Nuwamba, da gado a kusurwar ɗakin. Doka ta ce a kashe wuta kafin sha biyun daren 31 ga Maris. Masu hankali ba sa kaiwa can, domin ruwan inabin da ba shi da kariya yana tsufa a tanki, wanda aka dafa a Disamba ya fi na Maris ƙamshi nesa ba kusa ba. Tankin da ya fi rauni shi ake fara dafawa.

Daga 1 ga Afrilu shekarun barasa ke fara ƙirguwa, kuma sai a gangar itacen oak. Dazuka biyu aka fi ambata. Na Limousin ƙwayar katakonsa a buɗe take, yana sakin ɗaci da launi da sauri, ya dace da barasa mai jiki da za ta daɗe. Na Tronçais, dajin da Colbert, ministan sarkin Faransa, ya tsara a 1670 don katakon jiragen ruwan yaƙi, ƙwayarsa a matse take, yana bayarwa a hankali. Ba a yanka allunan da zarto, tsaga su ake yi bin jijiya, in ba haka ba gangar ta yi yoyo. Sannan a jibge su a fili shekara uku, ruwa da rana su wanke ɗacin. Mu muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, maƙerin ganga kuwa sai ya bushe yake tanƙwara nasa, da wuta a ciki da jiƙaƙƙen tsumma a waje. Wutar nan ce kuma ke gasa cikin gangar, daga gashin ake samun ƙamshin vanila da na gasasshen burodi. Babu ƙusa, babu gam. Gangar da aka fi amfani da ita tana cin lita 350.

Sabuwar barasa tana shiga sabuwar ganga wata shida zuwa shekara ɗaya, ba duka ba, wani kaso kawai. Daga nan a juye ta cikin tsofaffin da suka riga suka ba da ɗacinsu, inda aikin ya koma na iska mai shiga ta ramukan katako. Kuskuren da ƙananan gidaje suka fi yi shi ne mantawa da ita a sabuwa. Shekara biyu a ciki, ta yi duhu kamar tsohuwa, a baki kuwa sai ka ce an tauna fensir. Duhun launi ba shaidar shekaru ba ne, balle ma doka ta yarda a ƙara ƙonannen sukari don daidaita launi, da ɗan ruwan sukari, da ruwan da aka dafa ɓarɓashin katako a ciki. Gidan nan ba ya sa ko ɗaya, kuma a ganina wannan ne babban abin da mai saye ke biya wa kuɗi a ƙaramin gida.

Sito iri biyu ne. Na ƙasa, mai daɓen turɓaya da danshi, barasa ce ta fi ruwa gudu daga ganga, don haka ƙarfi yana sauka, abin ya yi laushi. Na bene, busasshe, ruwa ne ya fi gudu, ƙarfi ya tsaya, abin ya yi kaifi. Ana zagaya ganguna tsakanin biyun gwargwadon abin da hanci ya ce. Ko a ina take, ganga tana asarar kashi 2 zuwa 3 cikin 100 a shekara, abin da suke kira rabon mala'iku. Lita 350 da aka bari shekara 20 ba a ƙara mata ba, abin da zai rage bai fi 190 zuwa 235 ba. Tururin nan ne ke ciyar da wata baƙar fumfuna da ta rufe bango da rufin kowane sito a yankin kamar an yi gobara. Wani mai haɗa magani a Cognac, Antonin Baudoin, shi ya yi bayaninta a 1872, kuma sunansa take ɗauke da shi a yau. Sau ɗaya a shekara ana bin ganguna ɗaya bayan ɗaya da sandar awo da alli, a rubuta yawa da ƙarfi a fuskar kowacce, a duba yoyo. Yoyon ba ya ɗiga, wani baƙin danƙo yake bari a bakin allo. Yanar gizo-gizo kuwa ba a share ta, sun ce masu ita suna cinye ƙwarin da ke huda katako.

Bayan shekara 20 zuwa 30 a sito mai danshi wani ƙamshi yake bayyana da ake kira rancio, tsakanin na gyaɗar waje da ta tsufa, da naman kaza, da busasshen 'ya'yan itace. Ba a iya gaggauta shi. Amma ganga ma tana da iyaka. In barasa ta kai shekara 50 ko 60, katako ya fara cin ta, sai a juye ta cikin manyan tulunan gilashi masu rigar saƙa, a kai su wani lungu mai duhu da suke kira paradis. A gilashi tsufa ya tsaya. Kwalbar da aka cika da barasa mai shekara 10 aka ajiye a kabad shekara 30, mai shekara 10 ce har yanzu. Abin da ke cikin tulunan gidan nan kakan maigidan ne ya dafa, a kan kurangar da aka sake dasawa bayan ƙwaron filoksera ya cinye gonakin yankin daga shekarun 1870. Saiwar Amurka ce ta cece su, da taimakon T. V. Munson na garin Denison a Texas, wanda ya nuna irin da ke jure ƙasa mai alli. A wannan sauyi ne Folle blanche, inabin da ake nomawa a da, ya ba Ugni blanc wuri, domin da aka ɗaura shi a kan baƙuwar saiwa sai ya zama mai saurin ruɓewa.

Saura rage ƙarfi. Ba a sayar da konyak ƙasa da digiri 40, kuma kafin ganga ta sauko can da kanta sai an yi kusan rabin ƙarni ko fiye. Don haka da ruwa ake saukar da ita, ruwan da aka cire wa duk wani gishiri, domin na famfo yana sa hazo. Lissafin mai sauƙi ne: lita 100 mai digiri 60 za ta zama lita 150 mai 40, wato ruwa lita 50 da ɗan ɗori, saboda ruwa da barasa in sun haɗu suna ɗan tsukewa. Yin sa ne mai wuya. Wanda ya zuba ruwan gaba ɗaya rana guda, maiƙon da ke cikin barasar ya rabu, ta ɗauki ɗanɗanon sabulu. Digiri biyar ko shida ake saukewa, a bar ta watanni ta huta, a sake. Tsofaffin gidaje suna ajiye abin da suke kira petites eaux, ruwa da aka gauraya da ɗan konyak aka bar shi ya tsufa a ganga, da shi suke yin saukin ƙarshe don kada a ji tsabagen ruwa.

Haruffan da ke jikin kwalba shekarun mafi ƙanƙanta a cikin haɗin suke faɗa: VS shekara 2, VSOP 4, Napoléon 6, XO 10 tun daga Afrilun 2018, a da 6 ce. Cokali ɗaya na mai shekara huɗu ya shiga gangar mai shekara 30, duka ta koma VSOP a idon BNIC, hukumar sana'ar konyak mai riƙe da lissafin shekarun. A ƙananan gidaje XO takan haura 10 nesa, shekara 20 ko 25 ba abin mamaki ba ne, sai dai ba ko yaushe takardar ke nunawa ba. Rubuta shekarar girbi a kwalba kuwa sai in an rufe gangar da hatimi a gaban jami'i tun farko, ko an ajiye ta a sito mai makulli biyu, ɗaya a hannun hukuma.

Yawancin abin da gidan ya dafa ba ya kaiwa wannan mataki. Tun yana sabo ko mai shekara biyu ake sayar wa manyan kamfanoni a kan yarjejeniya, da kuɗin ake biyan gas da ganguna da ma'aikatan yankan kuranga. Ganguna kaɗan ake ware wa sunan gida kowace shekara. Ranar cika kwalba an tace haɗin a sanyaye don kada ya yi hazo in ya je ƙasa mai sanyi, aka cika kwalabe masu santilita 70 da injin hannu mai baki huɗu, uwar gidan tana manna takarda tana rubuta lamba. Da yamma ɗan ya ɗauki alli ya koma sito, ya goge tsohuwar shekarar da ke fuskar gangunan da aka kwashe, aka gangara da su bakin ɗakin tukunya tun ba su bushe ba, domin gangar da ta kwana biyu babu komai a ciki allunanta sakin juna suke yi.